Alu Bai Ƙetaro Ba

Fanta ta haura shekara talatin a Yalwa ta ƙasar Rano, amma har yau in ta buɗe baki, mai kunne zai gane ba a nan aka yanke mata cibi ba. Daga Damagaram Malam Ishiyaku ya auro ta, zamanin da yake bin motocin kanwa da dabino, kafin ya zauna gida ya kama noma da siyasa. Ɗanta na fari, Mukhtar, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce Soja, yana aikin soja. Mai bi masa, Sa'adiya, tana aure a Kibiya, wurin Muhyiddeen ɗan Alhaji Mato mai hatsi.

A dangin Fanta na can, mutum ɗaya ya rage mata wanda suka sha nono ɗaya, ƙanenta Alu. Baduku ne, mutum mai sanyin magana, wanda in yana ɗinkin takalmi sai ya manta da abinci. Ciwon ƙoda ya kama shi, ya zama duk bayan 'yan watanni sai ya shigo Kano ganin likita, kuma gidan yayarsa ne masaukinsa. Malam Ishiyaku da kansa yake ɗaukarsa a babur ya kai shi tashar Rano, wani lokaci ma ya raka shi har asibiti. A zuwansa na ƙarshe, farkon damina, likita ya ce magani ya daina isarsa, dole a fara yi masa wankin ƙoda, aka sa masa rana a wata mai zuwa. Fanta ta ce ya yi zamansa a Yalwa har ranar ta zo. Ya ce akwai aikin mutane a hannunsa, zai je ya sallame su, ya ɗauko matarsa don ta yi jinyarsa, su dawo tare.

Bai yi sati biyu da tafiya ba sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar. Kafin mutane su gama jin labarin, an rufe iyaka, an yanke wutar lantarkin da ake tura musu daga nan, ana ta maganar za a tura dakaru a mayar da mulkin farar hula da ƙarfi.

Ranar da aka fara faɗin haka a rediyo, Malam Ishiyaku yana tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Ya ajiye ta, ya girgiza kai.

"Wannan kuma shawarar wa? Kano da Damagaram ai gida ɗaya ne. Wa zai harbi wa?"

Fanta ta ji sanyi a ranta da jin wannan magana. Ta san mijinta shi ne shugaban mazaɓa na jam'iyyar da ke mulki a Abuja, kuma yana cikin waɗanda ake kira sojojin baka, masu shiga rediyo su kare nasu, su caccaki na wasu. Ta ɗauka tunda shi ma abin bai kwanta masa ba, zai faɗa inda za a ji.

Sai dai 'yan ɗaya jam'iyyar, wadda ke riƙe da jiha, sun riga su. Suka ɗauki maganar iyaka suka mai da ita tasu, kullum suna rediyo suna cewa ga mutanen da kuka zaɓa za su haɗa ku yaƙi da 'yan uwanku. Abin mamakin, a shekarun baya su ne masu kukan a toshe iyakar saboda makamai na shigowa, shi kuma Malam Ishiyaku da mutanensa suna cewa a bar talaka ya yi fatauci. Yanzu kowa ya koma inda abokin gabarsa ya taso. Aka kira taron jam'iyya a Rano. Malam Ishiyaku ya dawo da yamma fuska a ɗaure, ko tuwo bai taɓa ba. Washegari Fanta tana tankaɗe ta ji muryarsa a rediyon maƙwabta yana cewa rufe iyaka shi ne daidai, ba wanda yake shan wahala sai 'yan fasa-ƙwauri, masu kuka kuwa kukan siyasa suke yi.

Da ya dawo ta kai masa ruwa, ta zauna a gefen tabarma.

"Malam, na ji ka."

"Na san kin ji."

"Alu ɗan fasa-ƙwauri ne?"

Ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Fanta, ba ki san yadda abin yake ba. In na yi shiru, cewa za a yi na sayar. Waɗancan ba tausayin Nijar suke ji ba, mu suke so su kayar. Abin nan ba zai wuce sati biyu ba, za a buɗe."

Sati biyu suka wuce, ranar asibitin Alu ta zo ta wuce. In an yi sa'a waya ta shiga, sai Fanta ta ji muryarsa ta ƙara dusashewa. Ya ce mata an ɗauke musu kuran, wato lantarki a bakin mutanen can, garin duhu da zafi. Ya je asibitinsu, injinan wankin kaɗan ne, masu jira da yawa, kayan aikin kuma suna cikin motocin da suka maƙale a bakin iyaka. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin da ya ɗinka wa kansa ba ya shiga.

"Kada ki damu, Yaya," in ji shi. "Ki gaida Malam. Ki ce masa ina jin sa a rediyo in an samu batir."

Ba ta isar da wannan saƙon ba.

A cikin kwanakin ne Soja ya kira ta. Da can yana wani daji ne a yamma, inda suke tsaron ƙauyuka daga 'yan bindiga. Yanzu an kwashe rabinsu an kawo su kusa da iyaka, an ajiye. Ya ce ba su san abin da suke jira ba. Yau a ce a shirya, gobe a ce a dakata, don na sama ba su daidaita ba, majalisa na faɗin nata, 'yan siyasa kowa na jan nasa.

"Iya, ƙauyen da muka baro an shiga shekaranjiya. An kwashe mata da shanu. Mutanen da suke kawo mana fura kullum." Ya ƙara da cewa, "Da sojojin can muke sintiri tare a da, mu ba su labari su ba mu. Yanzu ko gaisawa an hana. Ɓarayin kuwa ba wanda ya rufe musu iyaka."

"In aka ce ku shiga fa?"

"Ki yi mini addu'a kada a ce, Iya."

Malam Ishiyaku bai zauna haka kawai ba, wannan Fanta ta shaida. Ya sa babbar rigarsa ya tafi Kano wurin wani jigon jam'iyyarsu, yana neman a yi magana da masu tsaron iyaka a bar marar lafiya ɗaya ya wuce. Ya yini a ƙofar gidan. Da ya samu shiga, mutumin ya ce masa wannan ba lokacin da za a ga ɗan jam'iyya yana neman a karya doka ba ne, in 'yan adawa suka ji sun samu abin faɗa, ya yi haƙuri a ga yadda hali zai yi. Ya dawo Yalwa da ruwan sama a jikinsa, ya faɗa mata yadda aka yi ba tare da ya dube ta ba.

Fanta ta ce, "Saura Alhaji Mato."

Kowa ya san Alhaji Mato yana da mutane a ƙauyukan bakin iyaka ta wajen Ɓaɓura, don shekara da shekaru yana kai masara yana sauko da wake. Shi da Malam Ishiyaku tare suka yi fatauci suna samari, amincinsu ne ma ya kai su ga haɗa 'ya'yansu aure. Zaɓen da ya wuce ne ya raba su. Alhaji Mato na ɗaya jam'iyyar ne, aka yi rikici wurin tattara sakamako, aka fasa wa ɗan wan Malam Ishiyaku kai, aka ƙona wa Alhaji Mato rumfa a kasuwa. Ba wanda ya ga hannun ɗayansu a ciki, amma tun daga ranar ko a jana'iza suka haɗu sai kowa ya nemi wani sahun.

"Ba zan taka ƙofar Mato ba," in ji Malam Ishiyaku. "In na je, kafin in dawo gida labari ya riga ni."

"To ni ka bar ni in je in dubo Sa'adiya. Na kwana biyu ban ga yaran ba."

Ya san abin da take nufi, ita ma ta san ya sani. Ya tashi ya ɗauki buta. Sai da ya kai ƙofar banɗaki ya ce, "Ki gaishe su."

Ta hau motar Kibiya da safe. Gero ya fitar da kai, hanya duk kore, amma ba abin da take gani. Sa'adiya ta shigar da ita wurin surukinta. Alhaji Mato, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

"Hajiya Fanta, da tuni kika zo. Alu ai nawa ne, takalmin da na yi Idi da shi aikinsa ne. Tsakanina da mijinki daban, wannan kuma rai ne." Ya aika aka kira Muhyiddeen, ya ce masa ya shirya ya tafi da kansa. A kawo Alu daga Damagaram zuwa wani ƙauye bayan Magarya, daga nan 'yan babur su bi da shi ta cikin gonaki su ƙetaro, mota tana jira ta wannan gefen ta wuce da shi Kano kai tsaye. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka riƙe bakinka."

Muhyiddeen ya ce to. Mutum ne mai kirki ga matarsa, mai ladabi ga Fanta, bai taɓa gaishe ta a tsaye ba. Amma shi ne mai yi wa jam'iyyarsu yaƙi a waya, dubban mutane ke bin abin da yake sakawa, kuma ya daɗe yana jin zafin maganganun surukinsa a rediyo.

Komai ya tafi daidai da farko. Matar Alu ta kawo shi ƙauyen a motar haya, Muhyiddeen ya ƙetara ya same su. Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin da ke kan hanyar ya cika, 'yan babur suka ce sai gobe in ya janye. A wannan zaman jiran ne Muhyiddeen ya dubi Alu kwance kan tabarma a rumfar mai shayi, fuska a kumbure, numfashi da ƙyar, zuciya ta ɗebe shi. Ya fito da waya ya ɗauke shi bidiyo. Ya faɗi sunansa, ya ce wannan ƙanen matar Malam Ishiyaku ne na Yalwa, mai cewa ba wanda yake shan wahala. Ya faɗi sunan ƙauyen da suke, ya ce gobe da yardar Allah za su ƙetaro da shi, ko ana so ko ba a so. Nan take ya saka hoton a shafinsa.

Fanta tana gida tana tsince shinkafa wata maƙwabciya ta shigo da waya a hannu. Haka ta ga ƙanenta, karon farko tun tafiyarsa. Bai ma san ana ɗaukarsa ba, idanunsa a rufe, hannunsa ɗaya kan ciki. Ta riƙe wayar har hoton ya ƙare ya sake farawa.

Kafin la'asar abin ya gama Rano da Kibiya, ya shiga Kano. 'Yan jam'iyyar Alhaji Mato suna turawa suna cewa ga sakamakon mulkin zalunci. 'Yan jam'iyyar Malam Ishiyaku su ma suka ɗauka suna turawa, suna cewa ga shaida 'yan adawa na ratsa iyaka yadda suka ga dama, yau marar lafiya, wa ya san abin da za su shigo da shi gobe, ina hukuma take? Suka yi ta maimaita sunan ƙauyen.

Da gari ya waye, rafin ya janye, amma motocin jami'an tsaro sun cika hanyar ta wannan gefen, na can su ma sun zo sun tsaya ta nasu. Aka kama 'yan babur biyu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sauran suka ce ko me za a ba su ba za su ɗauki kowa ba. Muhyiddeen ya yi ta roƙo har rana ta take, daga bisani ya sulale ya ƙetaro da ƙafa shi kaɗai. Matar Alu ta nemi mota ta mai da mijinta Damagaram.

Ranar nan jam'iyya ta aiko wa Malam Ishiyaku da mota daga Rano. Ana so ya shiga rediyo ya ce hoton shiri ne, mutumin lafiyarsa ƙalau, an biya shi ne ya kwanta. Ya shiga motar, Fanta tana kallonsa daga bakin zaure. Bai jima ba ya dawo a kan babur ɗin haya. Ya ce mata ya kai har ƙofar gidan rediyon ya kasa, ya ce musu surukinsa ne, kuma ciwon gaskiya ne. Wani suka sa ya faɗa a madadinsa. Daga ranar ba a sake kiransa rediyo ba, aka fara cewa dama mai mata 'yar Nijar ba abin yarda ba ne, ga 'yarsa kuma a gidan Mato. Su kuwa waɗancan ba su fasa kiransa azzalumi ba.

Muhyiddeen ya zo Yalwa ya durƙusa a gaban Fanta. Ya ce wallahi ya ɗauka in duniya ta gani za a ji kunya a buɗe hanya. Malam Ishiyaku ya fito daga ɗaki ya ce ya tashi ya bar masa gida. Fanta ta bar su a nan ta shige ɗakinta.

Alhaji Mato ya sake gwadawa ta wata hanyar, amma jikin Alu ya wuce hawan babur. Ciwon ya ja har aka fara yankan gero. Maganarsu ta ƙarshe da Fanta ba ta yi tsawo ba, yana yi yana hutawa. Ya tambaye ta ko shinkafar fadamar Malam ta yi kyau bana. Ya ce ta yafe masa da bai ji maganarta ya zauna ba. Bayan kwana kaɗan, ranar wata Laraba da hantsi, matarsa ta kira, Fanta ta ji kukan tun kafin a yi magana. Kafin azahar an kai shi. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta ji sallarsa ba.

Aka yi zaman makoki a Yalwa. Alhaji Mato ya zo da mutanensa daga Kibiya, suka tarar da 'yan jam'iyyar Malam Ishiyaku, waɗanda suka daure suka zo, sun cika tabarmin ƙofar gida. Ba wanda ya matsa musu. Sai suka shimfiɗa nasu a gindin dalbejiyar tsallaken hanya. Liman ya rasa inda zai zauna, ƙarshe ya yi addu'a a nan, ya tsallaka ya sake yi a can. Alhaji Mato ya aiko a yi wa Fanta gaisuwa a cikin gida, ya tafi ba su haɗa ido da Malam Ishiyaku ba. Sa'adiya ta kwana bakwai wurin uwarta, da ta tashi komawa uban ya ce ta ƙara kwana biyu, daga Kibiya kuma ba a aiko a ɗauke ta ba. Sai da Fanta ta sa baki ta raka ta da kanta, ta ce mata mutuwa ɗaya ta ishe su, ba sai an haɗa da ta aure ba.

Soja bai samu izinin zuwa ba. Yaƙin da ake ta faɗa ba a yi shi ba, aka mai da su dajin da suka baro. Ya gaya mata a waya cewa ƙauyuka uku sun tashi, ciyawa ta rufe masallatansu, mutanen da suka rage kuma ba sa yarda su yi magana da soja, don an taɓa barin su.

Cikin azumi aka sanar an buɗe iyaka. A rediyo kowane ɓangare ya ce ƙoƙarinsa ne ya jawo. Fanta ta ɗaure kayanta bayan salla, ta ce za ta je ta yi wa matar Alu gaisuwa ta ga 'ya'yansa. Malam Ishiyaku ya ce zai raka ta, ta ce ya zauna, ba wanda zai kula da dabbobi. Ya kai ta tashar Rano a babur, ya tsaya har motar ta cika. Ya rame a watannin nan, ya daina zama majalisa, daga gona sai masallaci. Ya leƙo ta taga kamar zai faɗi wani abu, sai ya ce ta riƙe jakarta da kyau.

A iyaka ba wanda ya tsare su da wata doguwar tambaya. Wani jami'i ya leƙa motar, ya ɗaga hannu, aka janye igiya. Ta isa Damagaram da la'asar. Matar Alu ta gama takaba, ta rungume ta suka yi kukan da ba su yi tare ba. Babban ɗan Alu ya nuna mata rumfar uban, ya ce shi ne yake ƙoƙarin riƙe ta, ko da yake hannunsa bai kai ba tukuna. Ta zauna a gidan tana taya su da yaran, sati ya zama wata.

Damina ta matso, Malam Ishiyaku ya kira ta. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ce akuyarta ta haihu, ya ce an fara sharar gona. Daga ƙarshe ya ce, "Yaushe za ki dawo?"

Fanta tana zaune a ƙofar ɗakin da aka haife ta, ƙaramar 'yar Alu tana barci a cinyarta.

"Ban sani ba tukuna, Malam," ta ce. "Zan faɗa maka."

Ya ce to, Allah ya kai mu. Sannan ya kashe wayar.